Hanyar Gida daga Kabarin Crisanto

Fada, Basifaniyen da ke riƙe da cocin garinsu kusa da Manila, ya hana a binne Crisanto a makabarta, saboda abin da ya rubuta kan gonakin da aka ƙwace wa manoma. Da sojoji suka harbe shi, a bayan katangar makabartar aka tona masa rami, babu gicciye, babu suna.

A garin, wanda ya baro wurin binnewa ba ya wucewa gida kai tsaye. Sai ya ratse wani wuri tukuna, don kada mamacin ya biyo shi. Shi ya sa Petra ta ja hannun yayarta Saturnina, mahaifiyar Crisanto.

"Yaya, mu biya kasuwa, ko gishiri mu saya."

"Ke dai je ki."

"Haba Yaya, tsufa ya fara taɓa ki ne? Zai biyo ki fa!"

"To wa zai bi in ba ni ba? Damina ɗaya ciyawa za ta rufe wurin nan, ni kaina ba zan gane shi ba."

Ta bi ta gonakin shinkafa a hankali, tana ɗan dakatawa a kowace kwana, kamar lokacin da Crisanto yake koyon tafiya. Ta hau tsanin gora na gidanta da ke bisa dirkoki, ta bar ƙofa a buɗe, ta zuba shinkafa kwano biyu.

Tana zama, tsanin ya fara ƙara, taki bayan taki. Ba ta waiwaya ba.

"Wanke hannunka tukuna," ta ce. "Duk tawada ce."