Ƙofar da Hollis Ya Yanka

Yayata Marlene taurin kai gare ta tun muna yara, kuma shekara saba'in da ɗaya ba su rage mata komai ba. Da mijinta Hollis ya rasu, ya bar mata tsohuwar mota Ford ƙirar 1934 da ya sake haɗawa da hannunsa. Shi ya yanke rufin ya sauko da shi don kada iska ta tare motar, har ƙofar ta koma kamar ta akurkin kaji. Marlene ta ce sai ta shiga tseren motoci da ake yi a busasshen tafkin El Mirage da ita, ko da sau ɗaya.

Inji ba matsala, ni na gyara shi. Amma kafin a bar mutum ya shiga fili, sai mai duba motoci ya ga direba ya kwance bel ya fito daga motar, da hular kwano da rigar kare wuta a jikinsa, cikin daƙiƙa talatin. A gwajin watan Mayu ta yi daƙiƙa hamsin da biyu, aka ce ta dawo Oktoba.

"Yaya, bar ni in ƙara wa ƙofar nan faɗi," na ce mata. "Inci huɗu kawai, ba wanda zai gane."

"Ni zan gane. Kai Dwight da ka ga ƙarfe sai hannunka ya hau ƙaiƙayi. Waldar Hollis ce a wurin."

"Hollis fa siriri ne. Ke kuwa..."

"Ƙarasa mana, in ga wanda zai ƙara dafa maka wake."

Ta shimfiɗa tsohuwar katifa a gefen motar, kowace safiya ta shiga ta fito sau ashirin, ni ina riƙe da agogo. Gwiwoyinta suka kumbura. Haushinta nake ji, tsoro kuma na cina. A hankali ta gano dabara: ta fara turo kai waje, ta saki jiki ta faɗo.

Oktoba ta zo, muka koma tafkin. Can babu katifa, ƙasar kuwa tauri gare ta kamar siminti. Rudi mai duba motoci ya ce, "Fara." Ta kwance bel, ta turo kai, ta faɗo a kan kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake.

"Ashirin da takwas," in ji Rudi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Tana kwance, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, ta tambaye shi, "Idan na warke, wannan ya isa?"

"Tunda kin ji rauni, sai kin sake, Mama. Doka ce."

"To, zan sake." Ta juyo da ido kaina ana ɗora ta a motar asibiti. "Kada ka kuskura ka taɓa ƙofar nan ba na nan."

Gaskiya abin da ke raina ke nan. Na jawo motar gida, na rufe ta da tamfol a gareji, na kai mata makullin har asibiti.