Tawul ɗin Sha-Wuta

Kafin in gama kafe babur a ƙofar asibitin, Guduma ya riga ya janyo likitan gashin ƙashi ta wuyan riga har tsakiyar baranda. Mata suka watse da ihu. Wani tsoho ya yar da sandarsa ya rarrafa ƙarƙashin benci.

"Ka gasa min uba kamar nama! Yau sai ka gaya min wanda ya aiko ka!"

Likitan ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, bututun ƙarfen da ke hannun Guduma ya sauka a kan yatsun. Na ji ƙarar tun daga inda nake, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Guduma ya sake ɗagawa ya sauke masa a haƙarƙari.

"Na sa tawul," likitan yake ta faɗi, jini na bin haɓarsa. "Na bar tazara. Ku tambaye shi, don girman Allah ku tambaye shi!"

Sai da muka taru, ni da masu gadi, kafin muka danne Guduma, kuma a nan ya yi min karo da kai na rasa haƙorin gaba. 'Yan sanda na tura shi mota yana waiwaye. "In Baba ya mutu, ka nemi mai yi maka wanka!"

Ni mai aski ne. Shagona da na uban Guduma bango ɗaya ya raba, gidajenmu ma haka. Mai walda ne, duk layinmu, Sha-Wuta muke ce masa, don zai ɗauki ƙarfen da bai gama hucewa ba da hannu, ya miƙo maka yana dariya. Rigunansa duk huda ce ta tartsatsi. Ban taɓa jin ya ce wash ba, kuma yaron shagon da ya ce wash gabansa, ranar ya bar aiki. Mutumin kirki ne, amma taurin kai gare shi kamar me. Ɗan nasa ma ba a ƙasa ya tsinta ba.

Da gwiwar hagu ta hana shi tsugunno, ni na ɗauke shi a babur zuwa wurin gashi, kuma ranar farko ina tsaye a ɗakin. Gadon na katako ne, kujerar ma haka. Likitan, saurayi mai sanyin magana, ya sa ya cire agogo da zobe da makullai.

"Baba, akwai ƙarfe a jikinka? An taɓa sa maka a ƙashi, ko wani ya taɓa shiga nama?"

"Ƙarfe a shago na baro shi."

Ya naɗe masa gwiwar da farin tawul, ya janyo faifai biyu daga jikin injin gashin, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna fuskantar juna. Ya daɗe yana daidaita su da yatsa.

"Ka ga, Baba, ba faifan ne ke zafi ba, naman da ke tsakaninsu ne ke ɗumama daga ciki. In tazarar ta yi daidai, ɗumin zai ratsa gwiwar gaba ɗaya. In ɗaya ya matso ko ya karkace, zafin duka gefen nan zai taru. Tawul ɗin kuma gumi yake sha, don ɗigon gumi ma ƙuna yake jawowa. Ɗumi kaɗan ake so. Da ka ji ya wuce haka, ka yi magana."

Sha-Wuta ya dube ni ya kashe ido. A hanya ya ce, "Wanzami, wannan yaron wuta zai koya min? Abin nasa ko ruwan wankan jariri bai kai ba."

A zuwa na gaba na sauke shi na koma shago. Washegari gwiwar ta tashi, gefen ciki ya yi ja, sannan ya yi baƙi. Yana da ciwon suga, ciwon ya ƙi kamewa, ya burma ciki. Da aka ɗauki hoto aka ga wani ɗan guntun ƙarfe kwance a naman, naman da ke kewaye da shi ya dahu. Likitocin tiyata suka ce a yanke ƙafar. Ya ce da ƙafa biyu ya zo duniya, da su zai koma, ya sa aka maida shi gida. Ranar ce Guduma ya ɗauki bututu.

Bayan an yi belin Guduma na shiga duba tsohon. Warin ciwon ya cika ɗakin, matarsa, Inna, ta kunna turare amma ina. Na zauna bakin katifa.

"Yaron nan likita ya ce a tambaye ka."

Ya juya fuska bango.

"Yatsunsa sun farfashe, Sha-Wuta. Da hannun nan yake ci. Kuma ɗanka ya rantse in ka cika sai ya ƙarasa shi. Kashe shi zai yi, shi ma a kashe shi, Inna ta rasa ku duka. Me ya faru a ɗakin nan?"

Kofin silba ya wawuro ya jefe ni da shi, ya same ni a goshi. "Fita min daga gida, munafuki! Aski aka ce ka yi, ba alƙalanci ba!"

Na fita raina a ɓace, na ce in na sake taka ɗakin a canza min suna. Amma tsoro ya hana ni sukuni, don na san Guduma ba ya rantsuwar banza.

Ranar ƙarshe, da la'asar, Inna ta leƙo ta katanga ta ce in zo, jikin ya rikice. Na tarar da shi numfashi sama-sama, leɓe ya bushe. Ta cikin bango muna jin injin wasa ƙarfe a shago, yana kuka yana tsayawa, yana kuka yana tsayawa. Tsohon ya buɗe ido ya kasa kunne.

"Wannan ba ƙofa ake gyarawa ba," ya ce. "Kaifi ake fitarwa. Kira min shi."

Guduma ya shigo da gilashin walda a goshi, ya durƙusa. Uban ya ce da Inna ta miƙo rigar aikinsa da ke rataye bayan ƙofa. Ya laluba babban aljihun, ya zaro farin tawul a cukurkuɗe, da tambarin asibitin a gefe.

"Ni na zare shi."

Ya dubi Guduma ya ci gaba.

"Wata mata ce ta faɗi a bayan labule, likitan ya tafi ɗaga ta. Na ce wannan ɗumin wasa ne. Na zare, na janyo faifan na manna a gwiwa, kamar yadda nake matso da wuta in ƙarfe ya ƙi ja. Na ji zafin har cikin ɓargo, na daure. Da na ji tafiyarsa na tura faifan baya, na rufe da ƙafar wando, na cusa wannan a aljihu. Ƙarfen kuma na san da shi. Dutsen injin wasa ƙarfe ne ya fashe tun kana goye, ya cillo min shi cikin nama."

"Baba, zazzaɓi ne ke sa ka..."

Ban san inda ya samo ƙarfin ba. Ya ɗaga hannun nan mai kanta ya ɗauke Guduma da mari, gilashin ya faɗi ya tsage. Ya damƙi wuyan rigarsa ya janyo shi har goshinsu ya haɗu.

"Kunya ce ta hana ni faɗi, kai kuma ka je ka karya ɗan mutane a kaina. Ka sake taɓa shi, ban yafe ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

"Ka mayar masa da abinsa."

Bai saki rigar ba. Inna ta matso tana laƙƙana masa kalmar shahada, leɓensa na bi a hankali. Da ya cika, ni na ɓamɓare yatsun daga wuyan Guduma, ɗaya bayan ɗaya. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, na yi kukan maƙwabcina, kuma ina jin haushinsa a lokaci guda.

An ce min yatsu biyu na likitan ba za su sake lanƙwasuwa ba. Shari'ar Guduma na nan tana jiransa.

Bayan an share makoki na fito da safe zan buɗe shago, na hango Guduma ta ƙofar gidansu a tsugunne gaban bokiti, hannu duk kumfa. Inna ta riga ta shanya kayan mamacin, riguna da wanduna, rana na ratsowa ta hudojin tartsatsi. Ya matse tawul ɗin, ya kaɗa, ya shanya a ƙarshen igiyar, ya tsaya yana jan gefunansa har suka daidaita.