Takun Sodangi

"Ɗaga ƙahwar in gani," in ji Hajjo.

Sodangi ya ja bakin wando ya rufe. "Shekara biyar da barin aikin asibiti, har yau kina neman wanda za ki soka wa allura?"

Maƙwabta ne, katanga ɗaya, ga shi kuma taubasai, don haka ba ta jira izini ba. Ta durƙusa a zaurensa ta juya tafin ƙafar. Ƙayar aduwa ce ta shige har gindi, wurin ya yi baƙi. Ta latsa da ƙarfi. Ko ƙifta ido bai yi ba.

Sodangi na da wani fili a hanyar Dingyadi, fako ne da ya gada, ko gero ba ya yi. Shekara ashirin ke nan da ya share shi, ya yi ta jido rairayi da jakinsa saboda 'yan kokawa. Daga kokawa aka shiga langa, aka kafa sandunan ƙwallo, aka yi rumfa da rijiya. Da siyasa ta dawo, 'yan takara suka kawo ƙwallaye da alkawarin gini. Ƙwallayen dai an gani. Yanzu har makarantun Bodinga da Shagari kan kawo ɗalibai duk Asabar. Doka ɗaya ce: ba mai shiga sai Sodangi ya tuɓe takalmi ya taka filin kaf, ya tsince ƙaya da fasasshiyar kwalba. Mutane na cewa asiri ne a ƙafarsa. Hajjo ta san ba wani asiri, fata ce mai ji. To ga shi ta daina ji, kuma da tsadar bana rabin masu zuwa ba su da takalmi.

"Tun yaushe ka daina jin ƙasa?"

"Tun damana." Ya rage murya. "Kak ki hwaɗi, Hajjo. In sunka ji, mi ya rage? Tsoho da jaki."

"Jakin ma ya hi ka hankali. Ɗiyan mutane za su taka abin da ka wuce."

"Allah shina tsarewa."

"Awo. Da ƙahwarka yat tsare su shekara ashirin. Ko ka hwaɗi, ko ni in hwaɗi gobe bakin rijiya."

"Muguwa," ya ce. "Tun kina ƙarama haka kike."

Ran Juma'a bayan masallaci ya sa aka ɗora shi a jaki aka kai shi filin. Hajjo na biye daga nesa. Ya kira Mainasara, gwanin kokawar garin, da sauran samari.

"Ƙahwata ta riga ni, ta daina jin ƙasa," ya ce. "Ku tuɓe takalma."

Ya jera su ashirin, kafaɗa da kafaɗa. "Jan ƙahwa za ku yi, ba tahiya ba. Kai Mainasara, biki za ka?"

Da suka kai ƙarshe suka kawo masa abin da suka tsince, rabin ƙoƙo. Filin da ya taka shekaranjiya ne. Ya kalli ƙoƙon.

Hajjo ta kai shi asibiti, aka rubuta maganin da ba a samu a kowane kemis ba. Gari ya ɗauka sammu ya taka. Ta ce musu ciwon suga ne, ba wanda ya so ya ji. Sammu ya fi daɗin faɗa. Kullum da safe tana wanke ƙafar da ruwan gishiri, shi kuwa yana tambayar ƙaya nawa aka samu.

Ciwon bai warke ba. Wata Asabar da hantsi Sodangi ya cika, ana yi masa kalmar shahada. Hajjo ta yafa zane ta tafi filin da kanta. Ɗalibai na zaune ƙarƙashin rumfa suna jira, samarin sun kai tsakiya. Mainasara ya ga fuskarta, ya yi salati, layin ya tsaya.

"A ƙarasa," in ji Hajjo.

Suka sunkuyar da kai suka ci gaba da jan ƙafa a hankali, rairayin na kwanciya layi-layi a bayansu.