Shafin Tarakta Ya Fito Ɗanye

Ruwan farko ya sauka a Kontagora ranar Talata, washegari kuwa babu wanda ya iya zama wuri ɗaya a shagon jikokina. Ni dama kullum nakan je in zauna a bencin ƙofa don kallon injin kwafin takardu. Ka ba shi takarda ɗaya ya haifo mata 'yar'uwa da ɗuminta, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Ran nan ko kallonsa ban samu yi ba.

Shagon ɗaki biyu ne. Na ciki na Lukuman ne, babban jikana, shi da wata baƙar kwamfuta da suke kira saba, wadda ba a kashe ta. Na waje na Ruka ne, matar ƙanensa Tanimu. Ta yi karatun kwamfuta a Minna, amma tun da aka kawo ta gidanmu kwafin takardu take buga wa mutane. Sai bana ƙungiyar masu hayar tarakta ta ba shagon aiki: a yi shafin da manomi a Bangi ko Kaboji ko Mashegu zai buɗe a wayarsa, ya sa sunan ƙauyensu, ya ga ranar da tarakta za ta iso. Lukuman ya bar wa Ruka rubuta shafukan da wani harshe wai shi Java, shi ya riƙe saba. Ya kuma faɗa a gabana cewa in aikin ya yi kyau za ta ci gaba, in ya ƙi ta koma kan injinta.

Aikin ya ƙi. Ga shi Madam Priscilla, shugabar ƙungiyar, ta ce za ta zo bayan azahar ta gani da idonta, don manoma sun hana ta sakat tun da ƙasa ta jiƙe.

"Zo ka gani, tsoho," in ji Ruka.

Na leƙa kwamfutarta. Maimakon sunayen ƙauyuka, wasu ƙananan rubutu ne suka cika fuskar, da ƙugiyoyi da ɗigo-ɗigo, kamar sawun kaji a jiƙaƙƙen yashi.

"Amarya, aljanu ne suka rubuta?"

"Ni na rubuta, amma ba don a gani haka ba. Ka san gidan abinci? A cikin saba akwai ma'aikata biyu. Na gaba sunansa Apaci, shi ke tarbar baƙi. Na baya Tomkat, shi ke dafa shafina. In manomi ya tambaya, Apaci ya miƙa wa Tomkat, a dafa, a kawo. To yanzu Apaci ba ya miƙawa. Ɗanye yake ɗaukowa ya dire wa baƙo."

"Tomkat kuma wane irin suna ne?"

"Muzuru, da Turanci."

Na ɗan tafi tunanin muzuru riƙe da ludayi a cikin baƙin akwatin can, yana jiran a aiko masa aiki, shiru. Sai da ta taɓa ni na dawo. Ta ce akwai ƙofar baya da ake shiga wurin Tomkat kai tsaye, amma daga cikin shago kaɗai. Ta danna, sai ga shafi tsaf, kore da fari, har da hoton tarakta.

"Ashe miyarki ba ta da laifi," na ce. "To laifin wa?"

Ta dubi labulen ɗakin ciki, ta mai da ido ƙasa.

A gidanmu matar ƙane ba ta kiran sunan wan mijinta, ba ta zama inda yake zaune, ba ta haɗa ido da shi. Balle ta ce masa ya yi kuskure. Ni ne kaɗai kowa ke iya yi wa magana yadda ya ga dama, don kaka abokin wasa ne. Haka na zama ɗan aike.

"Ka ce wa Yaya," in ji ta, "wai ko zai ɗan duba takardar umarnin Apaci, wurin da aka gaya masa shafukan da zai miƙa."

Na ɗaga labule. Lukuman yana tsaye, ya zauna, ya sake tashi. Na isar masa da saƙon. Ya kashe Apaci ya kunna, ya kashe Tomkat ya kunna, gumi har ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ce mata takardar nan da ita na yi wa makarantar Malam Solomon aiki, har yau tana tafiya. Kwafinta na yi, ban taɓa ko harafi ba. Ta duba nata."

Na kawo saƙo. Ruka ta rufe ido.

"Abin ke nan, tsoho. Takardar cewa take yi, duk shafin da ke cikin ɗaki mai suna makaranta, a miƙa wa Tomkat. Nawa kuwa suna cikin ɗaki mai suna tarakta. Apaci abin da aka ce masa yake yi."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da safe."

"To bari in je in faɗa masa."

"Kada ka fara. Ya san ba a kanka ta tsiro ba."

"Kaina kike rainawa? Na yi aji uku a firamare."

"Da bulala."

"To ke ba ki da mabuɗin? Gyara da kanki mana."

"In shiga takardarsa? Ai gara in shiga ɗakinsa in buɗe akwatinsa."

Wayar shago ta yi ƙara. Wani ne daga Mashegu, wai Madam ta ce ya tambaye mu ko ya ci gaba da jiran tarakta ko ya nemi shanu. Hadari ya sake haɗowa ta gabas. Na fita ƙofa, na dawo, na sake fita. Wani ɗalibi ya zo kwafin takardu, Ruka ta buga masa shafi ɗaya a juye, ta sake.

Na koma ciki na gwada tawa dabarar. Na ce wa Lukuman na taɓa sanin wani mai gadi da aka canja wa gida, amma ya ci gaba da buɗe wa baƙin tsohon gidan kaɗai.

"Kaka, don Allah ba yau ba." Bai ko juyo ba. "Ce mata in abin ya fi ƙarfinta ta faɗa tun da wuri. Akwai wanda na sani a Kaduna, zai sake rubuta shafukan."

Wannan saƙon na so in haɗiye shi, amma labule ba bango ba ne. Ta ji. Ta ajiye hannuwa biyu a kan tebur.

Aka kira azahar. Da muka dawo daga masallaci na tarar da ita tana bugun kwamfuta da sauri, kamar mai tsince shinkafa baƙi na ƙofa.

"Me kike yi?"

"Ƙaura," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tunda ɗakin makaranta kaɗai Apaci ya sani, na gina ɗaki mai sunan a wajen Tomkat, na kwashe kayana na zuba. Ɓangarena ne, ban taɓa na kowa ba."

Ba ta rufe baki ba mashin ya tsaya a ƙofar shago. Madam Priscilla ta sauko, takalmanta duk laka, waya a kunne tana ce wa wani ya yi haƙuri. Hausarta da karin harshen Dukawa, kuma ba ta jan gaisuwa.

"Baba, sannu da hutawa. Lukuman, ina abin?"

Lukuman ya fito ya fara, "Madam, akwai ɗan..." Ruka ta russuna, ta karɓi wayar Madam ta rubuta adireshin, ta mayar mata. Madam ta sa Kaboji. Shafi ya fito kore da fari, ya ce Juma'a. Ta sa Bangi, ya ce Litinin. Ta sa ƙauyen mijinta, shi ma ya amsa.

Lukuman ya yi ajiyar zuciya. "Dama kashewa da kunnawa yake so."

Madam ta ɗaga wayar kusa da ido. "To me ya kawo makaranta a adireshin? Haka zan karanta wa manomana? Su ce na mai da su aji ɗaya?"

"Ni na sa sunan, Madam," in ji Ruka, idonta a ƙasa.

"Ke? Aikin tarakta ki rubuta makaranta? Lukuman, anya yarinyar nan ta san abin da take yi?"

Ina jin bakina yana ƙaiƙayi. Ruka ta dube ni, na haɗiye. Lukuman ya karɓi wayar ya dubi adireshin, ya daɗe yana kallo. Sai ya shige ciki. Muna jin ƙarar maɓallan kwamfuta, sannan shiru. Madam ta duba hadari, ta duba agogo. Ruka tana murza bakin mayafinta.

Da ya fito, bango ya kalla ya yi magana.

"Madam, sunan daga ɓangarena ya fito. Tsohuwar takarda na kwafo, ita kuma ta bi da aikinta ta inda ƙofa take buɗe. Za a gyara yanzu." Ya ja numfashi. "Kaka, ce mata ta shiga ta canja layin, ta mai da kayanta ɗakinsu. Ni zan raka Madam shan lemo."

"To in abin ya tsaya gobe wa zan kira?" in ji Madam.

"Ita."

Suka fita. Ruka ta ɗaga labule ta tsaya gaban kujerar Lukuman tana kallon ta. Na ce ta zauna, kujera ba ta cizo. Ta ƙi. Ta janye ta gefe a hankali, ta jawo bencina, ta zauna gaban saba.

"Matsa, tsoho," ta ce. "Ka tare min haske."