Tukunya a Ramin Harsashi

An gama haƙa ramin harsashin ginin, an ɗaure rodi, leburori sun kwaɓa kankare sun tara shi gefe. Birkilan ya ja igiya yana duba kusurwar gabas lokacin da motar kawunsa ta tsaya a bakin filin.

Kawun ne mai ginin. Shi ya riƙi birkilan bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya kai shi koyon sana'a, kuma dattijo ne a ikilisiyarsu. Shaguna takwas yake son a gina masa a jere. Birkilan bai taɓa samun aiki mai girman wannan ba.

Kawun ya fito sanye da fararen kaya, rungume da wani abu a cikin buhu. Da ya iso bakin ramin sai ya buɗe. 'Yar tukunya ce, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle.

"Ɗana, sa wannan a kusurwar nan kafin a zuba kankare."

Birkilan ya dubi tukunyar, bai miƙa hannu ba.

"Mene ne a ciki, Kawu?"

"Ba a tambaya. Tsari ne."

"Wa ya bayar?"

Kawun ya waiwaya ya dubi leburorin, ya rage murya. Ya ce wani mutum ne a bayan gari, mai duba. Tun da gobara ta cinye tsohon shagonsa yake zuwa wurinsa. Mutumin ya ce da hannun wani a gobarar, kuma lalle wanda zai aza bulo na farko shi zai binne tukunyar.

Birkilan ya san wani abu ya canza. Kawun ya daina cin abinci a gidan kowa, ya kori direbansa, har matarsa ya hana ta taɓa takalmansa. Amma duk Lahadi yana zaune a layin gaba a coci.

"Ba zan sa ba," in ji birkilan.

"Ban ji ba."

"Ka ji, Kawu. Kai ka koya mini Addu'ar Ubangiji. In na tsallake layi, da ranƙwashi kake maido ni. Ban tuna inda aka ce a cece mu daga mugun ta hanyar tukunya ba."

Wani lebura ya yi dariya, ya mai da ita tari.

"Ni ban bar Yesu ba," kawun ya ce. "Ƙari ne kawai. Mutum ya yi addu'a, ya kuma sa kwaɗo a ƙofarsa."

"Kwaɗo bai taɓa sa ka ji tsoron matarka ba."

Fuskar kawun ta ɗaure. Ya ce shi ya ci da shi, shi ya tufatar da shi, yau ga shi yana yi masa wa'azi a gaban 'yan ƙwadago. Birkilan ya ce duk gaskiya ne, kuma shi ya sa ba zai rufe masa wannan abu a ƙarƙashin gininsa ba.

Dogo, babban leburan, ya soka cebur a cikin kankaren ya zaro.

"Oga, abin nan fa ya fara kamawa. Ku sasanta, siminti ba ya jiran taron dangi."

"Kai, zo ka sa," kawun ya ce masa.

"Ni, Baba? Ba ni ke aza bulo ba. In ba haka ba, a je a tambayi mutumin naka ko lebura zai yi."

Kawun ya juyo kan ɗan 'yar'uwarsa.

"Birkiloli sun cika gari. Ko ka sa, ko ka kwashe kayanka."

Birkilan ya kwance igiyarsa daga turakun, ya naɗe ta a hannu. Ya wanke cokalin gininsa a durom, ya goge, ya sa a jaka. Bai yi sauri ba. Ya ce wa Dogo duk wanda ke son tsayawa ya tsaya, ba zai riƙe kowa a zuci ba. Biyu suka tsaya. Dogo ya jingine ceburinsa ya bi shi.

Kawun ya tattare rigarsa ya sauka cikin ramin da kansa. Ƙafarsa ta zame, jar ƙasa ta ɓata masa wando har gwiwa. Daga can ƙasa ya ɗaga murya.

"In ka fita daga filin nan, kada ka sake taka mini gida!"

Birkilan ya ɗaure jakar a bayan babur ɗinsa.

"Gobe Lahadi zan zo in ɗauke ka mu je coci, Kawu. In ka ƙi buɗe ƙofa, zan tsaya a waje in yi ta danna hon har maƙwabta su fito."

Ya buga babur ɗin, Dogo ya hau baya, suka fita titi.