Ɗigo a Kan Kwali

Karo na huɗu ke nan cikin kwana tara da Magaji ya kwance famfon haidirolik na taraktar gidansu, bayansa kuma ya fara gaya masa cewa shekara hamsin ba wasa ba ce. Magaji ba sunansa ba ne. Mutane ne suka laƙaba masa tun da mahaifinsu ya rasu bayan girbin bara, shi kuma ya baro aikinsa na gyaran manyan motoci ya dawo gida. Rabin sunan girmamawa ne, rabi zolaya, don kowa yana ganin tsohon ya bar tarakta amma ya tafi da gwanintarsa.

Taraktar ta girmi autan gidan. Jan fentinta ya koɗe, kujerarta da igiya aka ɗaure ta. Famfon nan shi ke tura mai ya ɗaga garma, in kuwa mai ya tsiyaye, garma sai ta kwanta a ƙasa kamar jakin da ya yi gardama. Ranar da Magaji ya buɗe gareji a farkon damina, tafkin mai ya tarar a ƙarƙashinta. Yanzu an yi ruwa sau biyu, maƙwabta sun gama huɗa, gonarsu tana nan ciyawa na cin karenta babu babbaka.

Auta, ƙaninsa, ma'aikacin ofis ne, mai son abu a gama. Ya ce a sayar da ita ga masu sayen tsofaffin ƙarafa, a riƙa ɗauko hayar sabuwa. Magaji kuma, da bakinsa, ba wanda ya sa shi, ya yanka wa kansa sharaɗi.

"Ka ba ni zuwa Asabar. In ta ɗiga ko sau ɗaya, kawo mutumin naka ya ja ta."

Me ya kai shi? Maganar Baba ce ta kai shi. Shekara da shekaru tsohon yana bugun ƙirji yana cewa, "A hannuna ko ɗigo ba ta taɓa yi ba." Kuma gaskiya ce, Magaji shaida ne. A simintin garejin nan suka yi wasa suna yara, ba wanda ya taɓa tashi da tabon mai a wando. Baba shi ke shigar da ita da yamma ya kulle, shi ke buɗewa da sassafe, mabuɗi a aljihunsa, ko wa ya taɓa sai ya ji a jikinsa.

Yau ce Asabar ɗin.

Ya wanke famfon da kananzir. Ya kankare fuskar famfon da reza har yana ganin inuwar yatsansa. Ya sa sabuwar roba, ya ɗora takardar gasket mai hana yoyo, ya bi gefen da ƙaramar guduma har ta yanku daidai. Ya kwanta rigingine a kan buhu ya mayar da famfon, yana ɗaure notuna ɗaya nan ɗaya can, kaɗan-kaɗan, don kada wani gefe ya fi wani matsewa. A jikin dogon ƙarfen noti na can ƙasa akwai wani siririn zane mai ƙyalli, kamar inda waya ta daɗe tana gugawa. Sau huɗu yana ganinsa, sau huɗu yana share shi da tsumma ya wuce.

Ya zuba mai, ya tayar da ita. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta kama. Ya ja hannun ɗagawa, garma ta tashi cak ta tsaya a sama ba ko rawa. Bai yi murna ba, don sauran ukun ma haka suka yi. Ya kashe inji, ya tura farin kwali ƙarƙashin famfon, ya zauna a kan tsohuwar taya da shayinsa da ya riga ya huce.

Ya jira har inuwar ƙofa ta matsa taki ɗaya. Har ya fara cewa a ransa ko an dace. Sai ya ji "tal". Ɗigo ɗaya, girman ƙwayar wake, yana bazuwa a hankali a kan kwalin.

Bai zagi kowa ba, bai jefar da sufana ba. Gajiyar ta wuce nan. Kunya ce ta rufe shi, kunyar mutumin da ya gyara motocin jama'a shekara ashirin da biyar, ya zo ya kasa abin da ubansa, wanda bai taɓa shiga makarantar kanikanci ba, yake yi da hannu ɗaya.

"Ka ci abinci kuwa?"

Inna ce, mahaifiyarsu, a bakin ƙofa, tana dogara sanda. Ba ta cika shigowa garejin ba tun rasuwar.

"Zan ci, Inna."

"Matar Auta ta ce wai yau za a zo a ja ta. Ni ba a gaya mini komai a gidan nan sai in tsinta a bakin surukai."

"Ni na yi alkawari. Na ce in ta ɗiga a sayar. Ga shi." Ya nuna kwalin da ƙafa. "Ba ni da hannun Baba, Inna. Gara in faɗa da bakina kafin a faɗa mini."

Ta sunkuya da ƙyar ta dubi kwalin. "Tun yaushe ka sa wannan?"

"Ya kai awa ɗaya."

"Awa ɗaya, ɗigo ɗaya." Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta juya ta fita. Ya ɗauka ta tafi ke nan. Can sai ga ta ta dawo da wani abu a ƙunshe cikin tsohon zane, ta miƙa masa.

Gwangwanin madara ne, ya yi baƙi da mai, an huda bakinsa an sa masa maratayi na waya mai lanƙwasa. A ciki akwai ƙaramin mazurari da ƙyallen tacewa.

"Kullum in ya kulle ƙofa sai ya rataya wannan," in ji ta. "Da sassafe ya tace ya mayar, ya goge ƙasa, ya kawo mini in ɓoye a bayan tukwane. Tun kana goye take yoyo. Ya ce wata 'yar tsaga ce a jikin ƙarfen, ba mai iya rufe ta. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo."

Magaji ya juya gwangwanin a hannunsa. Ransa ya ɓaci, ɓacin da bai san inda zai kai shi ba, don mai laifin yana kabari.

"Kwana tara, Inna. Kina kallona ina birgima a ƙasa."

"Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Ka san babanku da son girma. Na ce bari in ga ko za ka gano da kanka, in huta da saɓa wa mamaci. Amma a ja ta a kan ƙaryarsa, wannan kam ban yarda ba."

Ya koma kan buhun, bayansa yana ƙara. Ya lalubo noti na ƙasa, ya saƙala wayar. Ta faɗa cikin zanen nan mai ƙyalli ta zauna daram.

Daga waje aka ji ƙarar babbar mota tana shan kwana, da muryar Auta yana nuna wa direba inda zai tsaya.

"Me zan ce masa?" Magaji ya tambaya daga ƙarƙashin taraktar. "Ta ɗiga."

"Ka ce masa ya zo ya ji daga bakina, in ya isa ya ja ta a gabana." Ta gyara riƙon sandarta. "Kai kuma ka fito ka ci abinci. A hannun babanku, kafin gari ya waye gwangwanin nan cika yake yi har wuya. Naka ko gindinsa ba zai rufe ba."

Bai fito nan da nan ba. Ya ɗora damtsensa a kan idonsa, yana nan kwance har ya ji ɗigo na biyu ya faɗa cikin gwangwanin.