Tsamiyar Halimatu

Ni na fara ganin kiyashin nan. Kafin matarsa, kafin malamin asibiti, kafin duk masu dogon baki na Azare, ni Kawu na gan su, ni da ban san bihim a takarda ba.

Da hantsi ne, ina ɗaure darnin da ya raba gidana da na maƙwabcina Gidaɗo. Ya fito ya tsuguna a gindin aduwa ya yi bawali, ya koma. Ban gama ɗaurin ba sai ga shi ya sake fitowa, ya sake tsugunawa. Da ya tashi na kai ido, sai na ga wurin ya yi baƙi ƙirin da kiyashi, kamar an zubar da zuma. Na yi kiwo, na kora shanu a ƙafa har Ikko, amma ban taɓa ganin kiyashi sun yi layi a kan bawalin ɗan Adam ba.

"Halimatu!" na kira matarsa ta kan darni. "Zo ki ga abin da mai gidanki ya bari."

"Kawu, yanzu tsufan har ya kai ka leƙen bawalin mutane?"

"Zo dai ki gani, kya yi mini rashin kunyar daga baya."

Ta zo da muciya a hannu. Ta duba, ta daɗe tana dubawa. 

Gidaɗo Bafillacen Udubo ne, ya sayar da rabonsa na shanu ya shigo gari yana awon gyaɗa. A shekarun nan na bayan yaƙin Bama wani tsohon soja ya kafa teburin shayi a bakin kasuwa, Gidaɗo ya manne a wurin kamar a nan aka binne cibiyarsa. Sukari yake jefawa ƙwaya bayan ƙwaya har shayin ya yi yauƙi. In motar Kano ta sauke lemon kwalba, shi ne na farkon buɗewa. Nono kuwa, ya ce na mutanen ruga ne. Sai ga mutum yana ci yana ramewa, yana kwankwaɗar ruwa kamar rairayi, randa guda ba ta kai masa yini.

Halimatu ta tasa shi gaba har ɗakin shan magani. Malamin ya dafa bawalin a 'yar kwalba, abin ya juye ja kamar jar ƙasa. Ya ce ciwon sukari ne, ba su da allurarsa a nan, sai dai a raba shi da zaƙi. Abin da na gani da idona ke nan. Shi malamin sai da ya kunna wuta kafin ya gano.

Daga ranar Halimatu ta ɗaura ɗamara. Da asuba za ta jiƙa tsamiya a ƙwarya, ta tace, ta jefa citta. Da rana zoɓo da kanumfari, da tsaminsa yadda Allah ya yi shi. Nono tsala ba fura mai yawa. Tuwon ta rage shi ya koma kamar dunƙulen hannu, ta cika akushin da kwaɗon zogale, da rama, da wake, wani lokaci busasshen kifin Katagum. Ina jin su ta darni.

"Innar Jumai," haka yake kiran ta, da sunan 'yarsu da ke aure a Chinade, "wannan abin yana kwance mini haƙora. Ko rabin ƙwaya."

"Ko warinsa, Malam."

"Ni ne fa mai gidan nan."

"Shi ya sa. Inna da me ta yaye ka a Udubo? Da sukari?"

Sai in ji ludayi yana karo da ƙwarya.

Da a nan abin ya tsaya, da babu labari. Amma a lokacin sukari ya zama kayan dubiya a Azare. Duk wanda zai gaida marar lafiya, in dai yana son a san ya zo, da kwalin sukari yake zuwa. Mutane sun ga Gidaɗo ya rame, suka ce ƙarfi yake nema, suka yi ta ɗaukowa. Halimatu ta ajiye tabarmarta a bakin zaure. Kowa ya miƙo, sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta mayar masa.

"Allah ya saka da alheri. A kai wa yara."

Ku da kuka san garin nan kun san ba a mayar da kayan dubiya. Ko guba ce a karɓa, a zubar a bayan gida. Na gaya mata haka.

"In na karɓa, Kawu, ya san yana cikin gidan. Zai tone shi ko a rumbu na sa."

Gari ya ɗauka. Aka ce ta mallake shi. Aka ce horon yunwa take yi masa don ta ci gida. Matan da ke sayen nononta suka koma wa wata. In ta iso rijiya hira ta mutu, sai ƙarar guga. Ita kuwa ta ja ruwanta, ta gaida kowa da sunansa, ta ɗora tulu ta wuce kanta a miƙe.

Magana ta kai Udubo. Wansa Jumare ya zo da sandarsa a kafaɗa, ko ruwa bai sha ba.

"Ke ce mai mayar wa mutane da alherinsu?"

"Ni ce, Bappa."

"An ce ganye kike ba ɗan'uwana kamar akuya."

"Ga akuyar can a kan buhu tana awo, Bappa. Duba kumatunta."

Gaskiyarta kuwa. Ƙishin ya lafa, Gidaɗo ya koma bakin ma'auni, ya daina tsugunne-tsugunne. Kiyashi ma sun watse daga gindin aduwa. Ni na sani, don kullum sai na duba. Amma Jumare ba kumatu ya zo gani ba.

"Ki ji da kyau. Ranar da ya mutu a kan ganyen nan, ke kika kashe shi. Haka zan gaya wa dangi, haka zan gaya wa Jumai."

 Surutun gari bai dami Halimatu ba, amma a ce wa 'yarta ita ta kashe mata uba, wannan ya shige ta. Duk da haka ta ce, "Allah ya kai mu, Bappa. Ga tsamiya, ka sha kafin ka kama hanya."

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, wata ta biyo. Gidaɗo ya ga sunan jikokinsa. Sai wata rana ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, bai ma ji ba. Wurin ya ƙi rufewa. Aka wanke, aka ɗaure, malamin asibiti ya yi iyakar yinsa, ƙafar ta yi ta baƙi tana hawa. Aka aika Chinade, aka aika Udubo.

Ranar ƙarshe bayan la'asar muna ɗakinsa, ni ina tallafe da kansa, Jumai tana yi masa fifita. Leɓɓansa suka motsa. Jumai ta sunkuya.

"Shayi yake cewa."

Jumare bai jira ba. Ya tafi bakin kasuwa da kansa, ya dawo da kofi yana tururi, ana jin zaƙinsa tun daga tsakar gida. Ya tarar da Halimatu a tsaye a ƙofar ɗaki.

"Kauce. Mai tafiya ba a hana shi abin da ransa ya nema."

Ba ta kauce ba. Ta san kofi ɗaya ba zai ƙara komai ba yanzu, ba zai rage ba. Amma ta ga idanun da ke tsakar gida, na matan rijiya da na abokan awo, kowa yana jira ya ga Gidaɗo ya kwankwaɗe shayin nan kamar wanda aka sako daga kurkuku, a ce to ga shi, shekara da shekaru mugunta kawai take yi masa.

"Inna," in ji Jumai, "don Allah."

Halimatu ta dubi 'yarta. Sannan ta ja jikinta gefe.

"Ku ba shi. Ni dai ba da hannuna ba."

Jumare ya durƙusa, ya hura, ya kai masa baki. Gidaɗo ya kurɓa. Ya riƙe a baki. Sai fuskar nan ta yamutse kamar ta jaririn da aka ɗura wa maɗaci, ya juya kai ya tofar a kan rigata.

"Wannan me kuka dama?" ya ce. "Ya naɗe mini harshe. Innar Jumai, ina nawa?"

Ashe tun da asuba ta jiƙa, kamar kullum. Ta ɗauko ƙwaryar, ta durƙusa inda Jumare ya tashi, ta ba shi da ludayi. Ya sha, ya nemi ƙari. Ya yi ajiyar zuciya. Sannan ya ɗaga murya yadda na tsakar gida za su ji.

"Hamma," ya ce wa wansa, "damunan nan da ka gan ni a raye, a ƙwaryar nan na same su. Ka kai wa dangi haka."

Jumare ya juya. Ya fita da kofin, ya ajiye shi a gindin aduwa, ya zauna ya rufe fuska da rawani. Kafin a kira magariba Gidaɗo ya cika da kalmar shahada, hannunsa ɗaya a kan gwiwar Jumai, ɗaya a bakin ƙwaryar.

Wasu sun ce don ya wanke ta ya yi. Su faɗa. Ni ne nake riƙe da kan, ni aka tofa wa, na san yamutsewar da ba ta ƙarya ba.

Ranar sadakar uku kunun tsamiya Halimatu ta dama, ko ƙwaya ba ta jefa ba. Matan rijiya suka sha suna runtse ido. Jumai ce ke rabawa. Kofin kuwa ba wanda ya tuna da shi. Da na je ɗauka na tarar kiyashi sun cika shi har baki.

Waɗanda suka yi mini dariya a teburin shayi, don na ƙi ko ɗanɗanawa, yawancinsu da hannuna na zuba musu ƙasa. Ni ga ni, haƙorana cif, ina fasa goruba. Wanda ke musun abin da na faɗa ya zo da hantsi, ya tsaya a bakin darnina. Zai ga ƙwarya a kan gungumen da ke tsakani, an rufe ta da faifai. Har yau Halimatu na jiƙa na mutum biyu, rabon Gidaɗo ni take ajiye wa. Ya ɗaga faifan, ya shanye ba tare da ya yamutsa fuska ba, sannan ya zo mu yi gardama.